Tagwayen bafa a tashar USB: me ya sa NAK bai ƙare ba?

Sagir_PCB:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya ce a kan STM32F103, ƙaramin guntun sarrafa na'ura na kamfanin ST, tashar BULK (nau'in tashar USB na jigilar bayanai masu yawa) mai karɓar bayanai daga kwamfuta, fakiti bayit 64. An kunna EP_KIND, bit ɗin da ke kunna tagwayen bafa, an ware wa tashar bafa biyu (wuraren ajiye fakiti na ɗan lokaci) a cikin PMA, ƙwaƙwalwar fakitin USB ta guntun, intarof (kiran gaggawa da injin USB yake yi wa manhaja) yana zuwa, bayanan ma suna isowa lafiya lau. Amma saurin bai ƙaru ko ƙanƙani ba, kuma a kan waya ana ganin NAK, amsar da na'ura ke bayarwa cewa ba ta shirya ba a sake gwadawa, bayan kusan kowane fakiti, tamkar dai bafa ɗaya ce. Abin da ake yi a cikin intarof shi ne: a goge CTR_RX (tutar da ke nuna fakiti ya iso), a kwashe bayanan daga PMA zuwa RAM, sannan a juya SW_BUF. Ina kuskuren yake? Ko dai tagwayen bafar nan suna ne kawai?

mai_solda:
Wa alaikumus salam. Ni dai ban ga laifin wannan jeri ba. Ai sai ka gama da kwano kafin ka mayar da shi. Duba ɓangaren kwamfuta, galibi can matsalar take.

Injiniya_Rabi:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam mai_solda, a yi haƙuri, jerin ne ainihin matsalar. SW_BUF ba ya nufin "na gama da wanda na kwasa yanzu". Yana nuna bafar da take hannun famwe a wannan lokaci, DTOG kuma yana nuna wadda injin USB zai taɓa a gaba. Duk sa'ad da biyun suka zo daidai, injin yana ganin kun haɗu a kan bafa guda, sai ya mayar da NAK.

Bi shi daki-daki, Malam Sagir. Da farko DTOG_RX sifili ne, SW_BUF ɗaya. Injin yana riƙe da bafa ta 0, kai kana riƙe da ta 1, wadda babu komai a cikinta. Fakiti ya shigo ta 0, injin ya juya DTOG_RX ya zama 1. Yanzu sun zo daidai, 1 da 1, tashar ta toshe. In ka tsaya kwashe bayit 64 kafin ka juya SW_BUF, duk tsawon kwasar tashar a toshe take, bafa ta 1 kuwa tana nan fayau ba mai amfani da ita. Ka yi aikin bafa ɗaya kenan, sai dai ka ɓatar da bayit 64 na PMA a banza.

Gyaran: da shigarka intarof ka karanta rajistar tashar, EPnR, sau ɗaya, ka goge CTR_RX, ka juya SW_BUF nan take. Da wannan juyawar ka saki ta 1 ka karɓi ta 0. Sai ka yi kwasarka a tsanake yayin da fakiti na gaba yake sauka a ta 1. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka juya sai ka tabbata ka gama da waccan da za ka saki.

Sagir_PCB:
Allah ya saka da alheri, Hajiya. Wato a juya tukuna, a kwasa daga baya. To wace bafa zan karanta bayan juyawar? Ta DTOG_RX zan gane?

Injiniya_Rabi:
Kada ka sake karanta DTOG_RX bayan ka juya, domin injin zai iya sauya shi a ƙarƙashinka da zarar wani fakitin ya sauka. Ko dai ka yi aiki da ƙimar da ka karanta tun farko (in DTOG_RX 1 ne, ta 0 ce ta cika), ko ka bi SW_BUF, tunda ba mai taɓa shi sai kai. A tashar OUT, mai karɓa daga kwamfuta, SW_BUF shi ne bit na 6, wanda in ba tagwaye ake kira DTOG_TX. A tashar IN kuma, mai aika wa kwamfuta, shi ne bit na 14, wato DTOG_RX. Mutane da yawa suna juya su a kai.

Bello_Waya:
Bari in ƙara da batun rubuta wa rajistar, don nan ake yawan faɗawa rami. EPnR ba rajistar da ake yi wa |= ba ce. Bit ɗin DTOG da na STAT, masu nuna halin da tashar take ciki, suna juyawa ne in ka rubuta musu 1, CTR_RX da CTR_TX kuma suna gogewa in ka rubuta musu 0. In ka karanta ka mayar da abin da ka karanta, STAT_RX da yake 11 zai koma 00, ka kashe tashar da hannunka.

Ga yadda ake yi a tashar OUT. Ɗauki abin da ka karanta, ka tace shi da 0x070F, ya rage EP_TYPE da EP_KIND da adireshi. Ka ƙara 0x0080 don kada ka goge CTR_TX bisa kuskure. Ka ƙara 0x0040 don juya SW_BUF. Bit na 15 ka bar shi sifili, shi ne gogewar CTR_RX. Rubutu ɗaya ya yi aiki biyu. In juyawa kaɗai kake so ba gogewa, 0x8080 za ka sa a maimakon 0x0080, in ba haka ba akwai ranar da za ka share tutar fakitin da ya shigo tsakanin karatunka da rubutunka, ba za ka taɓa jin intarof ɗinsa ba, tashar ta tsaya cik.

mai_solda:
Na karɓi gyara. Amma har yanzu ina nan a kan bakana game da kwamfuta. In manhajar da ke can tana aika bayit 64 ta jira ya kammala kafin ta aika na gaba, ko bafa goma ka sa ba abin da zai canza.

Zainab_ARM:
Wannan gaskiya ne, kuma a yi lissafin don kowa ya san iyakar abin da yake nema. A gudun 12 Mbit/s, firem ɗaya milisakan ɗaya ne, bayit 1500 kenan a kan waya. Kowane fakitin BULK mai bayit 64 yana jan ƙarin bayit 13 na SYNC da PID da adireshi da CRC da ratar da ke tsakani, jimla 77. Raba 1500 da 77, fakiti 19 ne suke shiga, wato bayit 1216 a milisakan, 1,216,000 a daƙiƙa. Wannan shi ne rufin ɗaki, ba a wuce shi, kuma sai in babu wata na'ura a kan layin. Cusa sifili da ake yi bayan kowane 1 guda shida a jere yana ƙara ragewa, don haka bayanan da suka cika da 0xFF sun fi jan lokaci.

Fakiti ɗaya yana cin kusan maikrosakan 51. Shi ne lokacin da famwe yake da shi ya gama da bafa ɗaya kafin ɗayar ta cika. A 72 MHz wannan ya haura zagayen agogo 3600, ya ishe ka kwashe bayit 64 har da saura mai yawa.

Ɓangaren kwamfuta kuma, da libusb, laburaren da manhaja ke magana da USB ta cikinsa, a aika manyan buƙatu, kamar bayit 4096 ko 16384 kowacce, kuma a jera biyu zuwa huɗu a layi ta hanyar da ba ta jira, don kada mai kula da USB na kwamfutar ya zauna hannu rabbana tsakanin wata buƙata da wata.

Tsoho_8bit:
Ku dai masu ST kuna shan wahala. A ATmega32U4, wani guntu na daban, bafa biyun bafa biyu ne na gaske. Ka sa EPBK a UECFG1X, ka sa ALLOC, ka duba CFGOK. Duka biyun suna iya zama a buɗe lokaci guda, fakiti biyu su sauka a jere ba tare da famwe ya motsa ba, NBUSYBK ya nuna maka 2. A nan jerin da Malam Sagir ya fara da shi shi ne daidai: RXOUTI ya tashi, ka goge shi, ka kwashe daga UEDATX, sannan ka goge FIFOCON, wanda shi ne sakin bankin. Ina jin daga nan rikicin yake fitowa, mutum ya saba da wannan ya tafi da shi can.

Abin lura kawai: bayit 832 ne duka DPRAM ɗin, wato ƙwaƙwalwar fakitinsa, kuma dole a ware tashoshi daga ƙarama zuwa babba. In ka sake ware ta tsakiya da wani girma daban, ƙwaƙwalwar ta sama da ita tana zamewa su hau juna.

Injiniya_Rabi:
Baba Tsoho ya taɓo wurin da ya kamata a tsaya. A tsarin ST, bayan kowane fakiti akwai ɗan lokacin da tashar take a toshe, daga juyawar DTOG zuwa juyawar SW_BUF. Tagwayen bafa ba su kawar da wannan rata ba, sun dai rage ta daga tsawon kwasa zuwa tsawon shiga intarof. Kuma ratar da ake da ita ƙarama ce: alamar OUT ta gaba, ƙaramin fakitin da kwamfuta ke aikowa kafin bayanai, bit 32 ce da ɗoriya, ba ta cika maikrosakan 3 ba. Cortex-M3 yana shiga intarof a zagaye 12 in ƙwaƙwalwa ba ta sa shi jira ba, amma a 72 MHz filashin F103 yana da jira biyu, ga kuma duk abin da laburare zai bincika kafin ya iso tasharka. Shi ya sa F103 yake da layin intarof biyu. Na 20, USB_LP, yana tashi a kan komai. Na 19, USB_HP, ba ya tashi sai a kan kammaluwar ISO (nau'in tashar da ke ɗaukar sauti da makamantansu a kan lokaci) da BULK mai tagwayen bafa. Ka ba shi fifiko mafi girma, ka sa juyawar ta zama abu na farko a cikinsa. In wani intarof na taima ko UART ya fi shi fifiko kuma yana da tsawo, NAK zai riƙa dawowa jefi-jefi.

Zainab_ARM:
Kuma NAK ba farashinsa ɗaya ba a kowane ɓangare. A IN, kwamfuta ta aiko alama, na'ura ta ce NAK, maikrosakan kaɗan ne suka tafi. A OUT kuwa sai kwamfuta ta aiko alamar, ta zazzage bayit 64 ɗin gaba ɗaya, sannan ta ji NAK. Kusan maikrosakan 50 sun tafi, kuma sai ta sake aiko su. In kowane fakiti yana shan NAK ɗaya, rabin layin kenan ya tafi a iska. Wannan asarar ce ta sa USB 2.0, da ya fito a 2000, ya kawo PING da NYET a gudun 480 Mbit/s: a tambaya da ƙaramin fakiti ko akwai wuri kafin a ɗauko bayit 512. A 12 Mbit/s babu wannan gata. Don haka in PMA ba za ta ɗauki tagwaye a ɓangarorin biyu ba, OUT ya fi cancanta.

DanKwano:
Tambaya a gefe: da me ake ganin NAK ɗin nan? Wireshark, manhajar kallon zirga-zirgar bayanai, ba ya nuna ko ɗaya.

Bello_Waya:
Ba zai nuna ba. Wireshark da usbmon buƙatun da direba ya miƙa suke gani, NAK da maimaitawa kuwa a cikin injin kwamfutar suke ƙarewa. Sai na'urar da ke sauraron D+ da D- kai tsaye. Lojik analaiza mai ɗaukar samfur a 48 MHz ko sama, da mai fassarar USB na sigrok, ya wadatar a 12 Mbit/s. Ka haɗa waya ta uku a wani fin da kake ɗagawa a farkon intarof ka sauke a ƙarshe, sai ka ga ACK, amsar cewa an karɓi fakiti, da tashin fin ɗin da alama ta gaba a layi ɗaya. Nan take za ka san ko ka riga alamar ko ta riga ka.

Sagir_PCB:
Madalla. Yanzu saura IN. CubeMX, manhajar ST mai tsara saiti, ya ba CDC, ajin USB na tashar siriyal, adireshi 0x01 na OUT da 0x81 na IN. Za a iya yi wa duka biyun tagwaye a haka?

Injiniya_Rabi:
A'a. Kowace rajistar EPnR gurbi biyu take da shi a teburin BTABLE, mai nuna inda kowace bafa take a PMA, na TX (aikawa) da na RX (karɓa). Tagwayen bafa suna cinye duka biyun a ɓangare ɗaya, don haka rajistar ta zama mai hanya ɗaya. HAL kuma, laburaren ST, lambar tasha yake bi wajen zaɓen rajista, 0x01 da 0x81 za su faɗa EP1R tare. Mayar da IN zuwa 0x83, tunda 0x82 na sanarwar CDC ne, ka gyara a diskirifta.

Rabon bayit 512 ɗin zai iya zama haka: BTABLE daga 0 zuwa 0x3F, EP0, tashar umarni, a 0x40 da 0x80, tagwayen OUT a 0xC0 da 0x100, tagwayen IN a 0x140 da 0x180, tashar sanarwa mai bayit 16 a 0x1C0. Jimla 464, akwai sauran 48. A HAL_PCDEx_PMAConfig, in ka ba shi PCD_DBL_BUF, adireshi biyun a lamba ɗaya ake cusa su, na farko a bit 16 na ƙasa, na biyu a na sama, misali 0x010000C0.

Wani tarko ga mai rubuta rajista da hannu: a tagwayen OUT, gurbin da ake kira COUNT_TX ya zama ma'aunin karɓa na bafa ta 0, dole a rubuta masa girman wuri kamar na RX. Na bayit 64 shi ne 0x8400, wato BL_SIZE 1, NUM_BLOCK 1. In ka bar shi sifili, bafa ɗaya tana aiki ɗaya ba ta yi. Kuma kada a manta a F103 PMA bit 16 ake taɓawa a kowane adireshi mai tazarar bayit 4, daga 0x40006000, memcpy ba ya aiki a kanta.

Shi IN ɗin madubin OUT ne. Ka cika bafar da SW_BUF yake nunawa tun injin yana aika ɗayar. CTR_TX ya tashi, ka juya SW_BUF ka miƙa wadda ka riga ka cika, sannan ka shiga cika wadda ta dawo hannunka. In ba ka da abin aikawa, kada ka juya, NAK ɗin da zai biyo baya shi ne daidai. Sai ka riƙe tuta cewa tashar ta tsaya, domin ba wani intarof da zai zo ya tashe ta, aikawa ta gaba ce za ta cika ta juya da kanta.

Ummi_Sauti:
Masu aikin sauti kuma ba su da zaɓi. Tashar ISO a wannan guntu da bafa biyu take aiki ko ka so ko ka ƙi, kuma babu SW_BUF, babu NAK, babu maimaitawa. Injin yana juya DTOG bayan kowace mu'amala, kai kuma ka yi aiki a ɗayar. In ka makara a IN, tsohon fakiti ne zai sake fita. In ka makara a OUT, a rubuta sabo a kan wanda ba ka kwashe ba. Kunne kuwa yana jin duka biyun.

Wurin ma ba ya isa. Sauti 48 kHz, layi biyu, bit 16, bayit 192 ne a milisakan, tagwaye 384. Ƙara EP0 mai 64 sau biyu, 512 ta cika, teburin bai samu wuri ba, sai an rage EP0 zuwa 32 ko 16. In kuma na'urar ce take riƙe da agogonta, fakiti yana iya zuwa da samfur 49, bayit 196, wurin karɓa kuma in ya wuce bayit 62 da gutsuren bayit 32 ake yanka shi, sai ya zama 224 sau biyu, 448. Saura 64 a raba wa tebur da EP0 da tashar mayar da rahoton gudu. A nan kam a koma F072 mai bayit 1024 ya fi sauƙi.

Tsoho_8bit:
PIC18F4550 ma tun da daɗewa yana da karɓa-karɓa, PPB1 da PPB0 a UCFG, kowace bafa da bit ɗinta na UOWN. Matsalarsa ta daban ce: injin yana da nasa manuni na "mara" da "cika", famwe yana da nasa, in suka saɓa sai ka riƙa loda bafar da injin ba ya kallo. Shi ya sa ake buga PPBRST duk lokacin da layin ya yi riset. Kinetis na NXP haka yake, can ODDRST ake kiransa.

Bello_Waya:
Wannan ya dawo da mu kan ST, don cutar ɗaya ce. SET_CONFIGURATION da SET_INTERFACE da CLEAR_FEATURE na ENDPOINT_HALT duk suna mayar da tashar DATA0, ta farko cikin lambobi biyun da fakitin bayanai ke karɓa-karɓa da su. Tunda a nan DTOG shi ne DATA0 da DATA1 kuma shi ne mai zaɓen bafa, in ka mayar da shi sifili ka manta da SW_BUF, ko dai su zo daidai tashar ta toshe har abada, ko ka riƙa karanta bafar da ba ita ba. Alamar ita ce na'ura tana aiki daga an soka ta, amma in manhaja ta rufe ta sake buɗewa sai ta yi shiru. A mayar da su biyun tare, a kuma zubar da abin da ya rage a bafofin.

Zainab_ARM:
Akwai kuma gajeren fakiti. Fakitin da bai kai 64 ba shi ne ƙarshen saƙo, in saƙon ya yi daidai da ninkin 64 kuma mai karɓa bai san tsawonsa ba, a biyo shi da fakiti marar komai. Da bafa ɗaya kana da damar tsayawa a nan. Da tagwaye, ka riga ka saki ɗayar kafin ka duba tsawo, don haka farkon saƙo na gaba yana iya shigowa, injin ya riga ya ce ACK, kwamfuta ba za ta sake aiko shi ba. Dole ka sami inda za ka ajiye shi. Mafita ita ce zoben ajiya a RAM, kuma kafin ka juya SW_BUF ka duba akwai wurin fakitin da ke hannu da wanda zai biyo, bayit 128. In babu, ka bar tashar a toshe, mai cin bayanan ya juya ta in wuri ya samu. Wannan juyawar ta wajen intarof a yi ta da intarof ɗin USB a kashe.

DanKwano:
RP2040 fa? Na ga yana da 4 kB.

Bello_Waya:
Irin na Baba Tsoho ne, ana iya buɗe biyun tare. Bit na 30 a rajistar kula da tasha shi ne tagwaye, rajistar kula da bafa kuma rabi biyu ce, bit 16 kowanne da nasa AVAILABLE. Abin kiyayewa: agogon USB 48 MHz ne, na guntun ya fi shi gudu, don haka a rubuta tsawo da PID tukuna, a ɗan jira wasu zagaye, sannan a ɗaga AVAILABLE. In an rubuta su lokaci guda injin yana iya ganin AVAILABLE kafin sauran su zauna. STM32F4 mai OTG kuwa wani gida ne daban, FIFO ne, ka faɗa masa adadin fakiti a PKTCNT ya yi ta karɓa.

mai_solda:
To ni abin da nake gani, in bayanan za su ƙare a UART mai 115200 ne, wanda bai wuce bayit 11,520 a daƙiƙa ba, duk wannan wahalar ba ta da riba. NAK ɗin ai aikinsa yake yi.

Injiniya_Rabi:
A wannan yanayin haka ne, bafa ɗaya da zobe sun isa. Amma Malam Sagir bai faɗi inda nasa suke zuwa ba.

Sagir_PCB:
SPI ne ta DMA, injin da ke kwasar bayanai ba tare da famwe ba, 18 MHz, ya fi layin USB ɗin gudu. Za a sauya jerin, a koma USB_HP, a sa fin ɗin gwaji kamar yadda Malam Bello ya ce. Tambaya ta ƙarshe: DMA zai iya ɗiba kai tsaye daga PMA zuwa SPI, a huta da kwasar?

Zainab_ARM:
Tazarar bayit 4 ɗin nan za ta sa sai ka saita tushen a bit 32, SPI ɗin a bit 16, kuma SPI mai bit 16 babban bayit yake fara fitarwa in yana kan MSB, sai jerin bayit ɗinka ya juye bibbiyu. Ga shi ba za ka juya SW_BUF ba sai DMA ya gama da bafar da ke hannunka: bayit 64 a 18 MHz maikrosakan 28 ne da ɗoriya, cikin 51 da kake da su. Yana shiga, amma fakiti mai tsawon mara zai ba ka aiki. Fara da kwasar hannu ka auna tukuna.

Tsoho_8bit:
In ka auna ka turo mana hoton analaizar, a ga tazarar ACK da fin ɗin.